Kira Ɗaya a Kurmin Yakushima

Tamaki na tsaye tana soya kifi, shinkafa ta nuna tana turiri a tukunya, sai dutse ya faɗo a kan rufin gidansu. Magariba ce mai nauyi, iska ta tsaya cak, duk unguwar ta yi tsit ko kukan gyare babu. Ta rage wuta ta saurara. Na biyu ya faɗo, ya gangaro a hankali, ya dire a ƙofar gida.

"Baban Chizu, ka ji kuwa?"

Mijinta Kohei yana falo yana duba hotunan hutun da suka dawo daga gare shi. "Yaran maƙwabta ne," ya ce, bai ko ɗago kai ba. Da na uku ya faɗo ya yi tsaki ya fita. Ya dawo riƙe da dutsen, fuskarsa ta sauya. Dutsen jiƙe yake sharkaf, gansakuka ta lulluɓe shi kore shar, ga sanyi kamar daga rafi aka tsamo shi, alhali rabon garinsu Kurume da ruwan sama an kwana biyu.

'Yarsu tilo, Chizu, mai shekara tara, tana zaune a kan tabarma ta juya musu baya.

"Ba yara ba ne," ta ce, da wata murya ƙasa-ƙasa. "Ni ake wa aike daga gida."

Hutun nan fa Kohei ya daɗe yana alkawarinsa. Mutum ne da aiki ya cinye, ya fita Chizu na barci, ya dawo tana barci. Da ya samu sarari ya kwashe su suka yi kudu. Suka tsaya gaban dutse mai aman wuta, toka na zubo musu a kan lema, Chizu na tsalle tana tara hannu. Suka shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin Yakushima, inda birai ke zama a tsakiyar titi suna yi wa juna tsifa, mota ta yi ta jira sai sun ga dama. Barewa har gindin tagar masaukinsu take zuwa kiwo. Tamaki ba ta taɓa ganin uba da 'ya suna dariya irin ta kwanakin nan ba.

Tsohuwar da ta sauke su ce ta ja musu kunne. Ta ce in sun shiga kurmi, duk wanda zai kira wani ya kira sunan sau biyu. Masu dajin ba sa iya maimaita suna, sau ɗaya suke kira, saboda haka kira ɗaya nasu ne, kuma ɗan Adam ba ya amsa shi. Kohei ya yi dariya ya ce kakarsa ma haka take faɗa. Chizu kuwa ta ɗauki abin da gaske, ta mai da shi wasa. "Baba-Baba!" "Na'am, Chizu-Chizu!" Haka suka wuni suna yi a ƙarƙashin manyan itatuwa.

Ranar ƙarshe hazo ya sauko musu a cikin kurmin, ruwa ya tsuge, motar komawa tana shirin tashi. Chizu ta tsaya a baya tana kallon wata barewa. Kohei ya jiƙe, ya gaji, ransa ya ɓaci, ya juya ya daka tsawa: "Chizu!" Sau ɗaya tak. Nan take aka ce "Na'am," ta fito daga cikin hazon ta kama hannunsa. Hannun da sanyi, suka ce ai ruwa ne ya dake ta.

Tun daga ranar da jifa ya fara, gidan bai sake zama gida ba. Rana na faɗuwa duwatsu za su fara sauka, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ɗakin Chizu ya ɗauki warin ruɓaɓɓen ganye. Ta daina cin dafaffen abinci, sai ta shiga banɗaki ta kunna famfo ta zauna a ƙarƙashinsa da kayanta a jiki. A bayan gida akan ji ana kiran sunan mutum, sau ɗaya, sannan shiru. Likita ya duba ta ciki da waje ya ce lafiyarta lau. Maƙwabta da suka saba kawo musu lemo daga lambu suka koma tsallake titi in sun hango su.

Wata yamma Tamaki ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin Chizu. "Chizu-Chizu," ta ce a hankali. Yarinyar ko motsi. Sai ta ce, "Chizu." Yarinyar ta juyo da kai, da murmushi. A nan Tamaki ta gane abin da ya biyo su gida ba 'yarta ba ce.

Duk baƙin cikinta a kan Kohei ta sauke shi, kuma ba ta rage masa komai ba.

"Kalma ɗaya, Baban Chizu! Ƙara kalma ɗaya ce ta gagare ka? An faɗa maka, ka ji da kunnenka, ka yi dariya. Saboda mota! To ga shi mun samu motar, sai ka ji daɗi."

Ta kwashe shimfiɗarta ta koma falo, ta daina zuba masa abinci. Ta tsane shi a kwanakin nan, tsana ta gaske, har ba ta son jin tarinsa.

Gwaggon Kohei ce ta turo musu Malam Genzo, wani tsoho da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana karatu da azumi a kan tsaunuka. Ya iso da la'asar sakaliya yana ɗingishi, yana mitar cewa matakalar gidansu ta kusa ƙarasa masa gwiwa. Ya ɗauki ɗaya daga duwatsun da suka tara a bokiti ya sansana, mitar ta tsaya. Ya zuba gishiri a kusurwoyin ɗakin, ya kunna kyandir, ya zauna gaban yarinyar yana murza carbinsa yana karatu. Ya daɗe yana yi, har hasken taga ya koma ja, ya koma toka-toka. Sai yarinyar ta yi hamma, ta yi magana da muryar tsohuwa.

"Ya isa haka, tsoho. Ka cika ni da surutu."

"Wa ya ba ki izinin ɗaukar 'yar mutane?"

"Ban ɗauki kowa ba. Kirana aka yi na amsa. Tambayi wancan." Ta nuna Kohei da haɓa.

"Ina yarinyar?"

"Tana nan inda suka bar ta, gindin itace. Ta ji muryar uban sarai, amma ta ƙi amsawa, tana jiran na biyu. Yarinya mai jin magana. Har yanzu jira take."

Kohei ya kifa goshinsa a kan tabarma, kafaɗunsa na rawa. Tamaki ta cusa hannun riga a baki don kada ta yi ihu.

"Me kike so ki tafi?" in ji Malam Genzo.

"Ni ma na gaji. Gidan nan a bushe yake, sai warin mai. A mayar mini da duwatsuna inda suka fito, ko ɗaya kada a bari. A buɗe ƙofa. Uban ya yi kira. Na farko nawa ne, da shi zan fita. Sai na kai bakin ƙofa sannan ya yi na biyu, wannan nata ne, za ta ji ta taho."

"Tsakanin kira biyun fa?"

Ta yi wata dariya marar daɗi. "Tsakaninsu 'yan'uwana suna waje, su ma za su gwada sa'arsu. In wani a ɗakin nan ya buɗe baki, kiran ya tsinke, ya zama ɗaya da ɗaya. Kada a ce ban faɗa ba."

Malamin ya yi ta jan ciniki da ita, ya nemi ta rage tazarar, ta ƙi. Daga ƙarshe ya juyo ya dube su. "Kun dai ji. Kome kuka ji a waje, ku dinke bakinku. Kai kuma sai na tafa hannu za ka yi na biyu."

Tamaki ta dubi mijinta, karon farko cikin kwanaki. "Kada ka sake ka ɓata wannan ma," ta ce.

Aka buɗe ƙofa. Magariba ta shigo da wani sanyi mai warin ƙasa. Kohei ya miƙe, ya share fuska, ya kira: "Chizu!"

Jikin yarinyar ya sulale ya kwanta. A kan tabarma sawun ƙafa jiƙaƙƙe ya bayyana, sannan wani a gabansa, suna tafiya wajen ƙofa a hankali kamar tafiyar mai ciwon baya. Tamaki na kallonsu ba ta ko numfashi. Sun wuce rabin ɗaki. Malam Genzo ya ɗaga hannuwansa yana shirin tafawa.

Sai daga waje, dab da ƙofa, aka ce, "Mama!"

Muryar Chizu ce, ta ainihi, irin wadda take yi in zazzaɓi ya tashe ta tana laluben uwarta. Murya ce ta yaron da ya daɗe yana kuka shi kaɗai.

"Na'am, ga ni nan!"

Maganar ta fita kafin Tamaki ta san ta buɗe baki. Kyandir ya mutu. Kohei ya kwarma kira na biyu, ya yi na uku, ya fita titi ba takalmi yana ta kira har muryarsa ta dishe. Babu abin da ya amsa sai karen wani gida can nesa.

Malam Genzo ya naɗe carbinsa ya sa a aljihu. Tamaki ta riƙe ƙafarsa.

"Malam, a sake. Don girman komai a sake, zan ɗaure bakina da tsumma!"

"'Yata, aljanar ta tafi, ta cika nata alkawarin. Da wa za mu sake yin cinikin?"

"To faɗa mini, muryar nan tata ce ko tasu?"

Tsohon ya ce, "Sau ɗaya ta kira, irin nasu. Amma yaro in tsoro ya ci shi yakan manta ka'ida. Ban sani ba, kuma ba zan yi miki ƙarya ba."

Jifa ya tsaya daga wannan rana. Warin ganye ya bar ɗakin, maƙwabta suka dawo da gaisuwa. Kohei da Tamaki sun koma tsibirin da bokitin duwatsu, suka zube su a gindin itacen, suka yi ta kira bibbiyu har hazo ya kore su. Birai suna kan reshe suna kallonsu. Chizu kuwa tana nan a gida, tana numfashi, tana haɗiye abin da aka sa mata a baki, idanunta a buɗe ba kowa a cikinsu. Ko sau nawa aka kira ta ba ta juyowa.

Kohei bai taɓa ce wa matarsa komai a kan abin da ya faru ba, ko da wasa, kuma wannan shirun ya fi zagi yi mata ciwo. Shi ne ya rage aiki, yake dawowa da wuri don ya ba yarinyar abinci da hannunsa. Wata yamma yana ba ta romo da cokali, Tamaki ta zo ta durƙusa kusa da shi.

"Baban Chizu."

"Na'am."

"Idan ita ce ta kira ni ranar nan, ai dai ta ji na amsa, ko?"

Ya ajiye cokalin, ya goge wa yarinyar baki da gefen tawul.

"Ta ji," ya ce.