Lambobin Bayan Ƙofar Sito

A wata kwaleji akwai wata yarinya da ake kira Barewa. Sunan bai zo mata a banza ba. Da an busa usur, kafin sauran su gama ɗaga ƙafa, ita ta ci rabin fili. Ta san da haka sarai, kuma ba ta barin kowa ya manta.

Su goma sha biyu ne a ƙungiyar guje-guje da tsalle-tsalle ta makarantar. Malamar wasanni ce ke horar da su kullum da yamma. Kayansu suna wani ɗan sito a gefen fili. Akwai sandunan tsalle, da ƙwallon ƙarfe na jifa, da tef ɗin awo, da wata tsohuwar katifa da ta sha dira har ta lotse.

Malama tana da wata ɗabi'a. A ranar farko ta kakar wasa takan gwada kowa, ta rubuta abin da ta yi da alli a bayan ƙofar siton. Mai gudu a rubuta sakan nawa ta yi. Mai tsalle a rubuta inda ta kai. Daga nan ba mai taɓa rubutun sai ƙarshen kaka. Barewa ba ta taɓa tsayawa ta karanta shi ba. A wurinta zane-zanen banza ne kawai.

Da aka yi babbar gasa ta makarantu shida, ƙungiyarsu ta zo ta biyar. Lambar yabo ɗaya tak suka samo, ita ma Barewa ce ta ciwo ta a gudun mita ɗari. Ta rataya abarta a wuya, har aji take shiga da ita.

Ranar Litinin Malama ta tara su. Ta ce Shugabar makaranta za ta zo sito ranar Juma'a, ta ga abin da ƙungiya ta yi a wannan kaka. In babu abin nunawa, za a rufe ƙungiyar, a mayar da lokacinsu na yamma lokacin ƙarin karatu. Hankalin yara ya tashi.

Barewa kuwa ko a jikinta. Ta ce, "Abin nunawa ai ga shi a wuyana, Malama."

Malama ta miƙa mata makulli, tunda Barewa ce kyaftin, ta ce ta gyara siton kafin ranar.

Gaskiya Barewa ta yi aiki. Ta share, ta kakkaɓe katifa, ta jera sanduna. Sai idonta ya kai bayan ƙofa. Ta ce a ranta, yaya za a yi Shugaba ta zo ta ga wannan ƙazanta? Ta jiƙa tsumma ta wanke ƙofar tas. Ta buga ƙusa a tsakiya, ta rataye lambarta. Ta ja baya tana kallo, daɗi ya cika ta.

Washegari da yamma sauran suka shigo ɗaukar kaya. Doguwa, mai tsallen sanda, ita ta fara gani. Ta tsaya riƙe da baki. A bayanta akwai wadda suke tsokana da Kunkuru, domin kullum ita ce ta ƙarshe a gudun mita ɗari takwas. Kunkuru ta shafa ƙofar da hannu, hawaye suka zubo mata.

Malama ta shigo. Ta dubi ƙofar, ta juyo wajen Barewa.

"Ina lambobin yarana?"

"Na wanke su, Malama. Na ga sun ɓata ƙofar."

"Shugaba ta riga ta ga lambarki tun ranar gasa," in ji Malama a hankali. "Ta ce lamba ɗaya ba ta isa ta riƙe mutum goma sha biyu ba. Abin da zan nuna mata shi ne kika wanke. Kuma ban rubuta shi a ko'ina ba."

Ranar babu wadda ta kula Barewa a fili. Ko tsokanar da suka saba yi ba a yi ba. Wannan shirun ya fi duka yi mata ciwo.

A gida ta zauna tana juya cokali a kwano. Umma ta lura, ta tambaye ta. Barewa ta kwashe labari ta faɗa, ta ƙara da cewa ita fa ba ta ga abin kuka a kan alli ba.

Umma ta kama hannunta, ta kai ta bakin ƙofar ɗakinsu. A jikin bangon akwai 'yan layuka na fensir. Duk shekara Baba yakan tsayar da su ya auna tsawonsu, ya ja layi.

Umma ta ce, "Yayanki ya fi ki tsawo nesa ba kusa ba. Bari in goge naki, a bar nasa kaɗai."

"A'a, Umma. Nawa ne fa. Da shi nake ganin yadda na girma."

"To, su ma nasu kika goge."

Barewa ta sunkuyar da kai. Kunya ta kama ta sosai. Ta tambayi Umma yadda za ta yi, tunda ruwa ya riga ya tafi da rubutun. Umma ta ce ta je ta ba masu lambobin haƙuri tukuna, sannan ta tambaye su.

Ranar Laraba ta zo da takarda da biro. Ta fara da Doguwa. Ba da haƙuri bai saba da bakin Barewa ba, amma ta daure ta yi. Doguwa ta harare ta, sannan ta ce, "Mita ɗaya da santimita goma. Na kayar da sandar sau biyu kafin na haye."

Mai jifan ƙwallon ƙarfe ta ce mita shida da rabi. 'Yan gudun miƙa sanda su huɗu suka faɗi nasu baki ɗaya, kamar masu karatun haddar aji. Da ta zo kan Kunkuru, ko tunani ba ta yi ba.

"Minti huɗu da sakan goma," in ji ta. "Kullum sai na kalle shi kafin in fita fili."

Abin ya ba Barewa mamaki. Kowa tana riƙe da lambarta a ka. Mutum ɗaya ce kawai ba ta san tata ba, ita ce Barewa. Dole ta je wurin Malama. Malama ta duba takardar, ta ce duk haka suke, sannan ta faɗa mata tata da ka: sakan goma sha huɗu daidai.

Barewa ta cire lambar yabonta daga ƙofa, ta zare ƙusar. Ta ɗauki alli ta mayar da rubutun layi-layi da hannunta.

Ranar Alhamis Malama ta fito da agogon gudu da tef, aka sake gwada kowa. Doguwa ta haye mita ɗaya da santimita ashirin da biyar. Mai jifa ta wuce mita takwas. Kunkuru ta zagaye fili sau biyu ba tsayawa, ta shigo a minti uku da rabi, yara suna ta tafi.

Sai Barewa. Ta sheƙa iyakar ƙarfinta. Malama ta danna agogo, ta nuna mata. Sakan goma sha huɗu daidai. Ta tuna duk yammacin da ta yi tana kwance a katifa tana cewa ita ba ta bukatar horo. Da hannunta ta rubuta lambar, ba ta rage komai ba.

Ranar Juma'a Shugaba ta zo da tabaraunta a hanci. Barewa ta roƙi Malama ta bar ta ta yi bayani. Ta tsaya a gefen ƙofa, ta karanta inda kowa ta fara da inda ta kai. Ta kuma faɗi abin da ta yi wa rubutun farko.

Shugaba ta tambaya, "Wace ce ta fi kowa ci gaba?"

"Kunkuru ce. Ta rage sakan arba'in cur."

"Wace ce kuma ba ta motsa ba?"

"Ni ce, ranki ya daɗe. Ni da na ci lambar zinariya."

Shugaba ta cire tabarau ta yi dariya. Ta ce mutum goma sha ɗaya sun ci gaba a fili, ta goma sha biyun kuma ta koyi faɗin gaskiya, ita kam ba ta ga ƙungiyar da za a rufe a nan ba. Ta ce ma za a kawo musu sabuwar katifa. Yara suka rungume juna suna tsalle.

Da Shugaba ta tafi, Malama ta ce musu, "Ba da lambar yabo kaɗai ake auna kakar wasa ba. A duba inda kowa ya fara da inda ya kai. Kuma kada ku raina ƙoƙarin wani don bai kai naku ba."

Barewa ta riƙe wannan magana. Ranar Litinin ta riga kowa zuwa fili, ta tarar da Kunkuru tana ɗaure takalmi. Ta tambaye ta ko za su riƙa yin horo tare.

Kunkuru ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "To, amma in kin gaji ba zan jira ki ba."

Suka yi dariya, suka fara zagaye filin. A ƙarshen kaka ta gaba, Barewa ta rubuta sakan goma sha uku a bayan ƙofar sito.