Maiƙon da Ke Yawo a Jikin Najiba

"Ba a ba jinjira nonon fari sai an gwada shi!" in ji Tata, kakar Ashiru, ta miƙa wa Najiba ƙoƙo. "Tatsa in gani."

Najiba ta dubi mijinta Ashiru a bakin ƙofa. Kwana biyu da haihuwarta, ga abin da ta ɓoye shekara shida ya zo ya tsaya mata.

Ta tatsa. Tsohuwa ta saki tururuwa uku a ciki, in sun fito da rai nono lafiya lau. Ba su fito ba. Wani maiƙo ya taso sama, ya riƙe ƙafafunsu har suka daina motsi.

Tata ta shafa ƙirjin Najiba, sai ta fizge hannu.

"Wani abu na tahiya cikin jikin ɗiyar nan! Jiya a nan ƙullutun yake, yau ya koma hammata. Jifa ce!"

"Ba jifa ba ce, Tata..." Kuka ya ƙwace mata. "Allura ce. Ana gab da bikinmu na ƙetara iyaka wurin wata mata, ta ɗura mini wani mai don ƙirjina ya cika. Ƙawaye sun ce allo za ka aura, Ashiru... na ji tsoron ka gan ni ka raina."

"Haba masoyiyata! Da kin tambaye ni..."

Kowa ya san Ashiru a Gazawa, bakinsa ba ya hutawa, amma ran nan iyakar abin da ya iya faɗa ke nan.

A asibitin Maraɗi aka ɗauki hoton ƙirjin Najiba, likita ta daɗe tana dubansa. Ta ce man ya bi nama ya daskare, ba ya tsamuwa, ga ƙwayar cuta ta shiga. Sai an cire nonon duka biyu, kuma kada jinjirar ta kama ko sau ɗaya.

A tasha Ashiru ya riƙe hannunta, mutane na kallo.

"Su cire. Ke dai ki dawo mini da ranki."

Safina, ƙanwar Ashiru, tana goyo, ita aka kai wa jinjirar. Ranar suna da hantsi, ba a kai ga yin aikin ba, Najiba na zaune ɗaka ita kaɗai, ta ji kukan 'yarta ta bayan katanga. Can kukan ya tsaya, sai ƙarar tsotso. Ƙirjinta ya amsa, rigarta ta jiƙe sharkaf, ta sa hannu biyu ta danne.