Shaidu Biyu a Kan Yari

Da hantsi ne, ruwan marka ya ɗauke amma gari bai washe ba, Sahabi ya iso mashigin gulbin Bungudu da jakinsa. Shekara guda ke nan da dawowarsa daga yaƙin Turawa, inda aka kai shi dako har bayan teku. Ya dawo Karakkai da tari da ƙarancin magana.

A bakin ruwan ya tarar da wata budurwa da ƙwaryar fura a ka, tana duban yadda gulbi ya kawo.

"Aza ƙwaryar bisa jakin, in ƙetare da ke."

"Jakin naka ya san darajar hura?"

"Ya fi ni hankali, wallahi."

Ta yi dariya, ta miƙa. Sunanta Saude, ɗiyar Malam Labbo. Tun daga ranar, kowace kasuwa sai Sahabi ya sami abin da zai kai shi Bungudu. Ita tana ce masa Mai Jaki, shi yana ce mata Hantsina.

Bayan girbi kawunsa ya je nema masa aurenta. Malam Labbo ya zaro wata takarda daga gafaka, duk ta yi laushi don yawan taɓawa.

"Wagga daga Nasara ta zo, a kan ɗana Yari da suka ɗauka dako. Na kai ta Gusau. Tafinta ya ce Turawa na da kalma biyu kamar tagwaye, guda ta wanda ya cika, guda ta wanda ke bakin cikawa. Ta biyun aka rubuta. To, mai jinya Allah na tashinai. Na rantse ba a ɗaura ma Saude aure sai Yari ya zauna nan ya amshi sadakinta."

Da labarin ya kai ga Sahabi, sai ya tambayi Saude, "Yayan naki, akwai guntun yatsa a hannunai na hagu?"

"Lauje ya yanke shi muna yara. Ka san shi?"

Sahabi ya ce rana ta yi, ya tafi. Kasuwa uku bai dawo ba.

Ana haka Arzika, mai sayen auduga a Gusau, ya fara zarya da goro yana neman auren Saude. Kullum yana da sabon labari, yau an ga Yari a Ikko, gobe an ce yana Zariya. Malam Labbo ya riƙa shimfiɗa masa buzunsa na kansa. Arzika ne kuma ya ce an ga Sahabi a Tsafe, wai wata mace yake nema.

Saude ta aiki Inna Yelwa mai daddawa da saƙo: "Ki ce ma Mai Jaki, in ruwa ya fi ƙarfinai ya faɗa min. Na tsaya bakin gulbi har ƙafata ta yi sanyi."

Amsa ta dawo bayan kwana shida: "Ki ce ma Hantsina ba mace nake nema a Tsafe ba, gurgu nake nema. In na zo za ta yi kuka, ta yafe min."

Ranar Laraba Sahabi ya iso a ƙasa, ya ɗauko wani mutum mai ƙafa ɗaya a kan jakin. Kwana uku suka yi a hanya. Ya fara ganin Saude a bayan danga.

"Yari ya rasu, Saude. Ni na yi mishi wanka. Wancan Hamidu ne, tare muka gina kabarin. Liman ba ya amsar shaidar mutum guda, shi ya sa na tafi nemansa."

Ta dafa dangar. "Ka sani tun rannan?"

"Tun rannan. Bakina ne ya ƙi."

"In ka faɗa ma Baba, ba zai ƙara son ganin fuskarka ba."

"Na sani. Amma kullum Innarki na aje tuwon mutumin da ni na rufe da hannuna."

A zaure, gaban liman, suka ba da shaida ɗaya bayan ɗaya. Zazzaɓi ne ya kama Yari a sansani, aka rubuta takardar yana numfashi, washegari ya cika. Malam Labbo ya dubi Sahabi.

"Kai ka dawo," in ji shi. "Shi bai dawo ba."

"Haka ne, Baba."

"Kun dubar da shi gabas?"

"Can alƙibla ba gabas take ba, Baba. Wani malamin bakin teku ya nuna muna, arewa take. Can muka dubar da shi."

Nan tsohon ya ja rawani ya rufe fuska. Daga cikin gida aka ji kukan uwar Yari.

Aka yi zaman makoki. Sahabi ya zo gaisuwa, Malam Labbo bai amsa masa ba. Arzika kuwa ba a ƙara ganinsa ba. Kwana arba'in suka wuce babu saƙo, Sahabi ya cire rai, tarinsa ya ƙaru.

Sai ga Inna Yelwa a Karakkai: "Malam ya ciyar da miskinai goma, ya fanshi rantsuwatai. Ya ce a turo kawunka Juma'a."

Aka ɗaura aure ba kiɗa ba guɗa mai yawa. Malam Labbo da kansa ya karɓi sadakin. "Allah ya yi muku albarka. Wanda ya suturta min ɗa, Allah ya suturta shi. Allah ya ba ku zuri'a mai jin ƙai."

"Amin," in ji jama'a.

Da la'asar, ana shirin ɗaukar amarya, tsohon ya zauna alwala a gindin itacen bedi, ya karkata buta ya ga ba ruwa. Ya ajiye ta, ya zauna kawai yana kallon hanya. Sahabi ya cire takalmi, ya zo ta baya ya ɗauki butar, ya ciko ta a randa ya mayar wurinta. Malam Labbo bai waiwaya ba. Ya ja butar, ya fara wanke hannu.