Giyar Fijon Marigayi

Da tsakar rana wata tsohuwar mota fijo ta tsaya wa Nabiha a wani layi na Nassarawa GRA, inda babu komai sai dogayen katangu da inuwar darbejiya. Ta taka kuloci, giya ta ƙi shiga, sai wani gurnani take yi kamar ana nika dutse. Motar mahaifinta ce, Alhaji Sabi'u, wanda ya rasu bara. Har yau ƙamshin turarensa bai bar kujerar ba.

"Baiwar Allah, kashe injin ki sake gwadawa," in ji wani saurayi da ya leƙo ta taga.

Ta kashe, giya ta shige salin-alin. Ya yi murmushi, ita kuwa ta manta ma da motar. Sunansa Ƙasimu, malami ne mai koyar da aikin injin mota, a Giginyu yake zaune. Da motar ta huce ta rage masa hanya, daga nan ragin hanya ya zama al'ada, ka san abin da zuciya ke so ba ya rasa dalili.

"Direbata," ya rubuto mata, "tun da kika ɗauke ni ban sauka ba. Ina kika nufa da ni?"

"Inda Allah ya nufa, malamina," ta amsa.

Sai dai wani abu ya fara tayar da hankali. Ban da ranar farko, idan Nabiha na ita kaɗai, ko tare da Anas, ɗan yayar mahaifiyarta Umma, wanda Umman ke so Nabiha ta aura, motar lafiya lau. Ƙasimu na shiga, kafin su rabu giya ta ƙi. Sannan wani danshi baƙi ya bayyana a shimfiɗar ƙasan motar, daidai inda marigayi yake ajiye ƙafarsa. A goge yau, gobe ya dawo.

Umma ta tsaya a gareji tana kallon danshin.

"Na yi istihara a kan yaron nan," ta ce. "Na ga Abbanki tsaye a jikin motar, hannunsa a kan giya, bai ce komai ba. Nabiha, mota ba ta magana, amma wannan ta yi. Ba da yawuna ba."

Tsoro ya kama Nabiha sosai, domin ita ma ta sha jin kamar akwai wanda ke riƙe giyar daga ƙasa. Ta daina ɗaga wayar Ƙasimu, tana kuka a ɓoye.

"Sahibata," ya rubuto, "ba na jayayya da mafarkin Umma. Alfarma ɗaya nake nema: ki ɗauke ta a motar, ban da ni, ki bi hanyar da muke bi. Ainihin hanyar fa."

Nabiha ta karanta, kunya ta rufe ta. Daga gidansu zuwa Giginyu ba nisa, amma idan yana ciki sai ta zaga ta Gawuna, ta leƙa Kaura Goje, don dai hira ta yi tsawo.

Haka ta ɗauki Umma. Suka yi ta tafiya, Umma na jan carbi tana waige-waigen kujerar baya.

"Wai ina za mu ne? Wannan ce hanyar Giginyu?"

Nabiha ta ci gaba da tuƙi. Ba a jima ba giya ta ƙi, gurnanin ya tashi, Ƙasimu kuwa yana can gida. Da aka kira shi ya zo, ya durƙusa ya gaida Umma, sannan ya dangwali danshin ya nuna mata.

"Umma, man kuloci ne. Robar da ke riƙe shi ta mutu, yana ɗigowa ta bayan abin taka kulocin, iska ta shiga bututun man. A gajeriyar tafiya ba a ganewa. In mota ta yi zafi, kuloci ba ya sakin injin, shi ya sa giya take shiga idan an kashe, ta ƙi idan an tayar."

Umma ta juya ga 'yarta.

"Ashe ba Abbanki ne ya ƙi ba, ke ce kike yawo da ɗan mutane. Allah ya shirye ki."

Anas ya haƙura, manya suka shiga magana, aka sa rana. Ƙasimu ya canza robar da hannunsa, danshin bai sake dawowa ba.

Ranar ɗaurin aure da safe Nabiha ta shiga gareji ita kaɗai don ta yi wa motar sallama. Ita a firi take barin giya kullum, mukullin kuma yana ƙarƙashin matashinta. Ta tarar da ita a giya ɗaya, yadda Abba yake barinta yana cewa mota ta kwana da shirin tafiya. Ta ɗora hannu a kai, ta ji ɗumi, kamar yanzu wani ya ɗauke nasa.

Ta kira Umma. Umma ta taɓa, hawaye suka zubo mata.

"Ya sallame ki, 'yata. Allah ya jiƙansa, ku kuma Allah ya ba ku zaman lafiya."

A wannan fijon aka kai amarya Giginyu, ita kuwa ta roƙi direban ya bi ta Gawuna.