Jiƙaƙƙen Tsumma a Kan Caja

Rana ta yi ja a garin Dearborn na Amurka, an ɗage ƙofofin gareji, kowa ya baje a nasa da shayi. Garejin Wissam ma falo ne, da kafet da kujeru, motarsa mai lantarki kuwa a waje take kwana, da doguwar waya daga bango. Shi ya haɗa soket ɗin da hannunsa, bayan ya kalli bidiyo biyu a waya, ya rantse babu mai gyaran wutar da zai taka masa gida.

Ya jona motar ke nan, wani ƙarni ya taso a hankali.

"Ghada, kifi kika ƙona?"

"Shinkafa da waken adas na dafa," in ji matarsa daga kicin. "Shinshina aikinka."

Ya taɓa kan cajar, ya janye hannu da sauri. Caja in ta ji zafi rage wuta take yi, shi kuwa ya tsani jira. Sai ya jiƙa tsumma ya naɗe mata kai don ta zaci lafiya lau. A lokacin tsakuwa ta farko ta daki ƙofar garejin. Daga ciki aka jefo ta.

Washegari da almuru ya tarar da filogin a ƙasa. Ya zagi maƙwabci ta kan shinge don ya zaci shi ya cire, ya dawo ya ɗaure filogin da salatif. Can cikin bango wani abu yana zuzz, kamar tsoho yana gunaguni.

A yamma ta uku aka nemi Lamis, 'yarsu mai shekara sha shida, ba ta ɗakinta da ke saman garejin. Aka same ta tsaye gaban soket ɗin, idanu a kafe, gumi na bin wuyanta. Ta juyo ta dubi ubanta, muryar wani dattijo ta fito daga bakinta.

"Ka dafa ni, Wissam."

Ghada ta kira Shaihu Munir, wanda unguwar ke nema in abu ya fi ƙarfin asibiti. Ya iso kafin magariba, ya zauna a kafet ya fara karatu a hankali. Jifan tsakuwa ya tsaya. Lamis ta zauna ta ɗora ƙafa kan ƙafa.

"Wane ne kai, me kake nema a jikin yarinya?" in ji Shaihu.

"Mazaunin bangon nan ne, tun kafin uban wannan ya sauka daga jirgi. Shekara talatin ina shan hayaƙin shisha, ina jin ihun ƙwallo, ban taɓa ko tari ba. Yanzu ya sayo soket mai arha, bai ɗaure waya da kyau ba, kullum yamma gidana kamar tanda."

"Ƙarya yake," Wissam ya miƙe. "Aikina ba shi da matsala."

"Ji shi. Na cire filogi, ya manna salatif. Cajar ma ta fi shi hankali, ta ce zafi, ya toshe mata baki da tsumma. Matarsa ta faɗa, bai ji ba. To ta bakin wa zan yi magana?"

"Zalunci ba ya maganin zalunci," in ji Shaihu. "Fita."

"Zan fita. Bangon ma na bar masa, ya soya kansa. Amma sharaɗi biyu. A kashe wutar nan a kira mai lasisi. Sannan ya faɗa da bakinsa, gaban matarsa, cewa bai iya aikin wuta ba."

Jijiyar wuyan Wissam ta tashi. "Ni aljani zai sa wa doka a garejina? Shaihu, ƙona shi."

"Ai ka riga ni, ɗan'uwa," Shaihu ya ce.

Ghada ba ta yi dariya ba. Ta nuna silin da yatsa. "Gadon 'yarka yana nan, daidai saman bangon. Faɗi, ko in kwashe ta mu tafi gidan Mama da aljanin da komai."

Wissam ya dubi Lamis. Leɓɓanta sun bushe. Ya je ya kashe babban makunnin, garejin ya yi duhu-duhu, zuzz ɗin ya mutu.

"Ban iya ba," ya ce a ciki-ciki.

"Kunnena ya tsufa," in ji aljanin.

"Ban iya aikin wuta ba."

Lamis ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin uwarta. Iska mai ɗumi ta bi ta ƙofa, ta kaɗa ganyen bishiyar bakin titi.

"Baba," ta ce da muryarta, "ƙishirwa."

Da safe mai gyaran wuta ta zo, wata ƙaƙƙarfar mace mai furfura, Darlene. Ta kwance soket ɗin, robar ta marmashe a hannunta. Ta haska tocila cikin bango, katakon da ke ciki ya zama gawayi har sama inda haske ya ƙare. Ta daɗe tana kallo.

"Wane jaki ne ya yi wannan aikin?"

Ghada ta buɗe baki za ta ce tsohon mai gidan ne, don rufin asiri. Wissam bai ɗauke ido daga gawayin ba.

"Ni ne," ya ce.