Maman 'Yan Biyu Tana Rubutu…

"Karanta!"

Malamar aji uku ta dangwarar da wayarta a kan keken ɗinkina. Allin yatsunta ya bar tambari a yadin yunifom.

"Malama, ko gaisuwa babu?"

"Na ce karanta, Baban 'Yan Biyu!"

Na lalubo tabarau. Zauren iyayen aji uku ne, inda makaranta ke turo mana sanarwa ta waya. A sama ga saƙonta na safe: gobe akwai Mas, wato addu'ar coci, kowane yaro ya zo da farar safa, a yanke farce. A ƙasa kuma ga amsa:

"Hasken idona, kin tashi lafiya? Kewarki ta hana ni sakat. Yaushe za ki zo inda nake?"

A gefen saƙon ga hoton matata tana murmushi, ga sunanta: Maman 'Yan Biyu.

Matata da muka binne bara waccan.

"Ni… ke kaɗai na so in tura wa."

"To kowa ya gani! Wata ta yar da wayarta a tsakiyar kasuwa. Wata ta kira Fada, limamin coci, wai ya zo da ruwa mai tsarki ya yayyafa min, marigayiya na kirana!"

Na so in yi dariya. Da na kalli idonta, dariyar ta koma ciki.

Ni tela ne. Shagona na kallon ƙofar firamaren Katolika, kuma rabin yunifom ɗin da ke jeruwa a asambuli ni na ɗinka, har da karkatattun. Wayata irin 'yar ƙaramar nan ce mai madannai, ban da kira da tocila ba abin da ta iya. Da matata ta rasu, makaranta ba ta daina turo sanarwa a wayarta ba, ni kuma ban daina amsawa ba. "An gani, mun gode." Ban canja hoto ba, ban canja suna ba. Na ɗauka iyaye sun saba. Ashe duk lokacin da na gode, sai wata ta yi alamar gicciye.

Ta nan Malama ta fara min magana, a keɓe. 'Yan biyu na gyangyaɗi a aji, ko suna karyawa kafin su fito? Na amsa. Ta sake tambaya. Daga gyangyaɗin yara muka koma hirar ciwon bayana, daga nan kuma ban san yadda aka yi ba, na tsinci kaina da furfura a gemu ina neman yadda ake tura hoton fure.

"Ka san abin da nake yi kafin in karanta saƙonka?" Muryarta ta sauka. "Yatsa nake sawa in rufe hoton."

"Malama…"

"Da na ga an rubuta 'Maman 'Yan Biyu tana rubutu…' sai tsigar jikina ta tashi. Kai ne ke sona, amma da fuskarta kake faɗa min. Ranar da ka ce za ka aure ni, ita na kalla na ce to!"

Aka kaɗa ƙararrawar komawa aji. Ta ɗauki wayarta ta fice, ko waiwaye.

Kafin la'asar magana ta kai inda ba a aike ta ba. Shugabar iyaye ce ta kai, wata bazawara da ta daɗe tana kawo min riguna masu lafiya in gyara. Ta ɗauki hoton saƙon ta kai wa Sista, shugabar makaranta, mai hidimar coci da ta yi alkawarin zama ba aure, ta kuma biya ta garejin yayan Malama don kada a ce ta yi rowa.

Yayan ya iso shagona da baƙin mai har gwiwar hannu.

"Kai ne telan?"

"Ni ne, Yaya. Ga kujera."

"Kada ka ce min Yaya, ka girme ni! Ba zan ba da ƙanwata ga mutumin da matarsa ta mutu amma har yau tana amsa saƙo ba. Ka ji ni?"

Na ji shi. Duk layin ma sun ji.

Washegari bayan Mas, Sista ta kira mu ofis. Malama na tsaye jikin taga, ta ƙi kallona.

"Baban 'Yan Biyu, ni ban hana soyayya ba," in ji Sista. "Ban dai yi ba ne kawai. Amma iyaye sun tsorata, wasu na cewa a sauya wa yaransu aji. Ko lambar nan ta bar zauren, ko Malama ta bar aji uku. Malama, ke ke kula da zauren, danna ɗaya za ki yi."

"Ba zan yi ba, Sista."

"Me ya sa?"

"Ba zan kore ta da hannuna ba. Gobe 'ya'yanta su girma a ce musu ni na fitar da uwarsu? In zai cire ta, ya cire ta da kansa. In ba zai iya ba, na bar ajin…" Sai yanzu ta juyo. "Na bar shi shi ma."

Daga nan gidan surukata na nufa, mahaifiyar marigayiya. Na tarar labari ya riga ni zama.

"Mama, ina wuni?"

"Da ban wuni ba ka gan ni? An ce za ka kashe wayar."

"Ba kashewa ba, Mama, zauren makaranta ne kawai…"

"Yau zaure, gobe hoto, jibi ka sa wa wata a hannu!" Ta jawo tata wayar daga ƙarƙashin matashi. "Kullum da safe nakan buɗe nan. In na ga ɗigon nan mai nuna tana kan waya kusa da hotonta, sai in ce ta tashi, tana shirya yara. Na san kai ne, ban haukace ba. Amma ka bar ni da abina. Sau nawa kake so in binne ta?"

Na ɗauki hulata na fito. Ni da nake iya yi wa mai kaya bayanin jinkirin ɗinki har ya ba ni haƙuri.

Kwanaki suka shige. Sanarwa na zuwa, ba na amsawa. A kawo tsintsiya, a wanke jaka, a zo da wuri ranar rahoton jarrabawa. Da tsakar rana in aka kaɗa ƙararrawar addu'a, nakan tsayar da keke in saurari muryoyin yara, ina tsintar ta Malama a ciki. Rannan 'yan biyu suka dawo suka ce Malama na kwashe hotunan bangon aji tana sawa a kwali.

Na rufe shago da rana tsaka, abin da ban taɓa yi ba.

Na same ta ita kaɗai, an tashi, kujeru a kife bisa tebura.

"Ka zo sallama ne?"

"Na zo ki ji wani abu."

Na sauko da kujerar yara ɗaya na zauna, gwiwoyina har ƙirji. Na buɗe zauren a wayar marigayiya, na yi ta ja sama, sama, har zamanin da 'yan biyu ke aji ɗaya, Malama ba ta zo makarantar ba. Na danna.

"Iyaye, barkanmu da yamma. Don Allah duk wanda yaronsa ya koma gida da rigar sanyi mai jan zare a wuya, ta 'yan biyuna ce. Ba za ta ɓace muku ba, babansu ne ya ɗinka, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo…"

Sai dariyarta. Doguwa, har da tarin nan da muka ɗauka mura ce.

Na ajiye wayar a kan tebur.

"Muryarta ke nan da ta rage min a duniya," na ce. "Ba ta son ɗaukar murya, sai wannan, shi ma don ta tona min asiri. In na fita daga zauren, shi ke nan, ta tafi da shi."

Malama ta matso kusa da ni. Hawaye na bin kumatunta.

"Abar ƙaunata, ban iya magana mai daɗi ba, kin ga inda ƙoƙarina ya kai mu. Amma ba zan rasa mata biyu a waya ɗaya ba. Nuna min inda ake dannawa."

Ta nuna min da yatsa, ba ta taɓa ba.

Na rufe ido na danna.

Wayarta ta yi ƙara a kan tebur. Ta juyo min da ita. Ƙaramin rubutu ne a tsakiya: Maman 'Yan Biyu ta fita.

Sai wata uwa ta rubuta, "Ya Ubangiji, ka ba ta hutawa ta har abada." Wata ta amsa da amin. Sai ga su suna shigowa, ɗaya na bin ɗaya, har da shugabar iyaye. Na kifa kai a teburin wani yaro na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

"Baban 'Yan Biyu… duba wayar."

"Me zan gani kuma?"

"Duba dai."

Na duba. Saƙon na nan daram inda yake.

"Fita ba ta goge abin da ya riga ya shigo," ta ce a hankali.

"Kin sani?"

"Na sani."

"Kika bar ni?"

"Na so in faɗa maka, Allah ya sani. Amma ina so in ga ko za ka iya." Ta goge min ido da gefen gyalenta. "Yafe min, masoyi."

"Da girmana, a kujerar 'yan aji uku!"

Ta yi dariya cikin kuka. Sannan ta ce, "Akwai wadda ta fi mu buƙatar wayar nan."

Tare muka kai wa Mama. Malama ce ta durƙusa ta nuna mata inda za ta danna. Tsohuwar ba ta taɓa sanin akwai muryar ba. Ta saurara, ta sake saurara, sannan ta kalli Malama ta ce, "'Yata, tashi haka nan, ƙasan akwai sanyi."

Fada ya ɗaura mana aure bayan hutun zango. Yayanta ya zo, cikin rigar da na ɗinka masa, yana ta jan hannun hagu.

Duk Lahadi daga coci mukan biya gidan Mama. Sau da yawa tun daga tsakar gida mukan jiyo muryar daga ɗaki, tana cigiyar rigar sanyi. Malama takan kama hannuna ta tsayar da ni a bakin ƙofa. Sai dariyar ta ƙare, sannan mu yi sallama.