Bangon da Aka Hana Shan Iska

A can wani zamani, a wani gari mai gidajen ƙasa, an yi wani maigida da ba ya yarda da kowa. Ko gaishe shi ka yi, sai ya shafa aljihunsa.

Kowace shekara kafin damina, maƙwabta sukan yi gayya, su kwaɓa ƙasa da makuba su yaɓe gidajen juna. Da suka zo nasa, sai ya tare ƙofar zaure. Ya ce a ransa, "Yaɓen da kullum sai an sake? Rumbuna suke son leƙawa. Ban yarda ba!"

Ya sallame su, ya sa aka shafe bangon da siminti ciki da waje. Wata tsohuwa maƙwabciyarsa ta ce, "Malam, bangon ƙasa in ya sha ruwa iska ke busar da shi. Ka toshe shi, ina danshin zai bi?"

Ya ce, "Hassada ce, Iya. Ban yarda ba!"

Damina ta yi nisa, bango na ta sheƙi, ɗaki kuwa sai wari. Wata safiya ya ji motsi a cikin bangon. Ya ce, "Ɓarawo ke haƙa!" Ya ɗauko sanda ya maka. Simintin ya ɓare kamar ɓawon ƙwai, jiƙaƙƙiyar ƙasa ta zubo har gwiwarsa.

Ta ramin da ya buɗe a bangon ya hango maƙwabta sun taho da kwandunan ɗibar ƙasa. Ya buɗe baki zai ce bai yarda ba, sai tsohuwar ta miƙo masa kwando.

Ta ce, "Riƙe, Malam. Hadari na haɗuwa."